Tsokar da ke matso babban yatsa: tambayoyi da amsoshi kan tsarinta da gwajinta

Tsokoki takwas ne ke juya babban yatsa. Huɗu suna can sama a sangalin hannu, suna aiko da dogayen agarori su ratsa wuyan hannu, huɗu kuma a cikin tafin suke zaune. Wannan shafi ya tsaya kan ɗaya daga cikin na tafin, wadda likitoci ke kira adakta polisis, mu kuma za mu riƙa ce mata tsokar matsi. Ido ba ya ganin ta, kuma idan ta yi rauni hannu yakan yi dabarar ɓoye raunin, shi ya sa gwajinta ke buƙatar lura.

A ina take, kuma da me take manne?

Buɗe hannunka ka ware babban yatsa daga manuniya. Naman da ke tsakaninsu, wanda za ka iya kamawa da yatsu biyu na ɗaya hannun, tsokoki biyu ne aka jera gaba da baya. Ta ɓangaren bayan hannu ita ce tsokar da ke ware manuniya. Ta ɓangaren tafi, can ciki, ita ce tamu.

Kai biyu gare ta. Kai na farko a gicciye yake, ya taso daga jikin dogon ƙashin tafi na uku, wato wanda yatsan tsakiya ke zaune a kansa. Kai na biyu a karkace yake, ya taso daga gindin ƙashin tafi na biyu da na uku da kuma ƙashin kafitet, wanda ya fi girma cikin ƙananan ƙasusuwa takwas na wuyan hannu. Daga wannan faffaɗan tushe sai zaruruwan tsokar su yi ta tsukewa kamar mafici, har su haɗu a agara guda. Agarar ta manne a gindin ƙashin farko na babban yatsa, ta gefen da ke kallon manuniya, kuma a cikinta akwai wani ɗan mitsitsin ƙashi mai zaman kansa da kan fito a hoton ƙashi, har wanda bai saba ba ya ɗauka ɓallin karaya ne. Wani sashe na agarar bai tsaya nan ba, ya shimfiɗu ya zagaya bayan yatsan ya haɗe da agarar da ke miƙe shi. A riƙe wannan shimfiɗar a rai, za mu sake cin karo da ita.

Tsakanin kawunan nan biyu akwai ɗan rata, kuma ta nan ne reshen jijiyar jini ta radiyal ke bi ya zama bakan jini na can cikin tafi. Likitan tiyata da ke aiki a wurin yakan taka a hankali.

Ba ita ce tudun naman da ke gindin babban yatsa ba?

A'a. Wancan tudun tsokoki uku ne dabam: mai ɗaga yatsan sama daga tafi, mai lanƙwasa gindinsa, da mai juya shi ya fuskanci sauran yatsu. Tsokar matsi tana ƙarƙashinsu, ta ɓangaren tsakiyar tafi. Bambancin ya wuce na mazauni, domin ba jijiya ɗaya ke ba su umarni ba.

Mene ne aikinta?

Ɗora bayan hannunka a kan tebur, ka ɗaga babban yatsa ya kalli sama, sannan ka sauko da shi ya kwanta a jikin manuniya, ka danna. Saukowar da dannawar aikinta ne. Tana kuma taimakawa wajen lanƙwasa gaɓar gindin yatsan, kuma ta hanyar waccan shimfiɗar agara tana riƙe gaɓar ƙarshe a miƙe yayin da ake matsawa.

A rayuwar yau da kullum, ita ce ke ba da ƙarfin kamun makulli, wato matse abu tsakanin cikin babban yatsa da gefen manuniya. Murɗa makulli a kwaɗo, zaro kati daga na'ura, jan zif, rufe almakashi, riƙe alƙalami na dogon lokaci, duk da ita ake yi. Wanda jijiyarta ta mutu gaba ɗaya yakan rasa fiye da rabin ƙarfin wannan kamu. Masu irin wannan matsala ba kasafai suke zuwa da kukan babban yatsa ba. Abin da suke faɗa shi ne, "makulli ya daina murɗuwa a hannuna," ko "abu na zame mini."

Wace jijiya ce ke ba ta umarni?

Jijiyar saƙo ta alna, ta reshenta na can ciki. Zaruruwanta suna fitowa daga laka a ƙasan wuya, a saiwar wuya ta takwas da saiwar ƙirji ta farko. Daga nan jijiyar ta gangaro ta cikin damtse, ta bi bayan ƙashin gwiwar hannu na ciki, wurin da idan ka buge shi kakan ji wani abu ya tsarga har ƙaramin yatsa. Sai ta sauko ta gefen ƙaramin yatsa, ta shiga tafi ta wani ɗan lungu a wuyan hannu da ake kira mashigar Guyon, ta rabu biyu. Reshen sama ya tafi fata. Reshen ciki ya zagaya ƙugiyar wani ƙashin wuyan hannu, ya gitta tafin daga gefen ƙaramin yatsa zuwa gefen babban yatsa yana raba umarni ga ƙananan tsokokin da ke tsakanin ƙasusuwa. Tsokar matsi tana cikin na ƙarshen layi.

Wannan zama a ƙarshen layi shi ne dalilin da ya sa ake kula da ita a asibiti. Duk inda jijiyar ta samu matsala a wannan doguwar hanya, daga wuya har tafi, alamar za ta iya bayyana a nan.

Yaya ake gwajin takarda?

Shi ne gwajin da ya fi shahara, kuma sunan Jules Froment yake ɗauke da shi, wani likitan jijiyoyi na birnin Liyon a Faransa da ya bayyana shi a 1915, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cika asibitoci da sojojin da jijiyoyinsu suka raunata.

Ana ba mutum takarda ya riƙe tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, babban yatsan a miƙe, a kwance a kan takardar. Mai gwaji ya ce, "Riƙe da kyau, kada ka bari in zare," sai ya ja a hankali yana ƙara ƙarfi. An fi so a yi hannu biyu lokaci guda, kowanne ya kama gefen takardar, domin a kwatanta.

To, ga inda masu koyo ke tuntuɓe. Hankalinsu yakan tafi kan takardar, ko ta zame ko ba ta zame ba. Takardar ba ita ce abin kallo ba. Gaɓar ƙarshe ta babban yatsa ake kallo, wadda ke kusa da farce. A hannu mai lafiya gaɓar takan zauna a miƙe, cikin yatsan ya shimfiɗu sosai a kan takardar. A hannun da tsokar matsi ta yi rauni, da an fara ja sai gaɓar ta lanƙwashe, ƙashinta ya taso, kan yatsan ya caki takardar har farcen ya yi fari. Sau da yawa mutumin yana riƙe da takardar gam, har yana murmushi cewa ya ci gwajin, alhali yatsan ya riga ya tona asiri.

Abin da ya faru shi ne, da ƙwaƙwalwa ta ga tsokar matsi ta gaza, sai ta kira wata ta karɓe ta: doguwar tsokar da ke lanƙwasa babban yatsa, wadda ke sangalin hannu. Ita wannan wata jijiyar saƙo ce dabam, mai suna midiyan, ke ba ta umarni, don haka matsalar alna ba ta shafe ta ba. Amma abu ɗaya ta iya, lanƙwasa gaɓar ƙarshe. Mutumin bai san ya yi wannan canji ba, kuma ko an ce ya miƙe yatsan ya sake, da an ja sai ya koma, ko kuma takardar ta fita.

Wani lokaci akan ga ƙari a kan haka: gaɓar gindin yatsan ta bankare baya yayin da ta ƙarshen ke lanƙwashewa, yatsan ya yi zigizag. Wannan ita ce alamar Jeanne, kuma tana nuna gaɓar gindin ta rasa mai riƙe ta.

Zan iya yi wa kaina a gida?

Za ka iya, ka kama takarda da hannu biyu ka ja su nesa da juna kana kallon yatsun. Sai dai ka san abubuwan da ke ruɗa sakamako. Akwai mutanen da haka aka halicce su da gaɓoɓi masu sassauci, yatsansu na lanƙwashewa a hannu biyun ba tare da wata cuta ba, shi ya sa bambanci tsakanin dama da hagu ya fi komai muhimmanci. Ciwon gaɓar da ke can tushen babban yatsa kusa da wuyan hannu, wanda ya yi yawa a masu shekaru musamman mata, yakan sa mutum ya kasa matsawa saboda zafi, tsokar kuwa lafiyarta ƙalau. Haka kuma idan aka kama takardar da kan yatsu biyu, kai da kai, to an canja gwajin gaba ɗaya, domin a irin wannan kamu kowa ma yatsansa na lanƙwashewa.

Akwai kuma akasin haka: gwajin ya fita lafiya alhali jijiyar na da matsala. A farkon matsewar jijiya fata ce kan fara kuka da minjirya da sagewa, tun tsoka ba ta san abin da ake ciki ba. A wasu mutanen kuma akwai haɗin zaruruwa tsakanin jijiyar midiyan da ta alna, a sangalin hannu ko a cikin tafi, har tsokar ta ci gaba da samun umarni ta bayan fage. Gwajin takarda alama ce guda, ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Ban da takarda, yaya likita ke auna ƙarfinta?

Yakan fara da ido. Ya ajiye hannuwan biyu kusa da juna ya dubi bayan hannu, tsakanin babban yatsa da manuniya. Idan ciwon ya daɗe, wurin da ya kamata ya cika da nama sai ya zama kwari, ramuka kuma su fito tsakanin ƙasusuwan bayan hannun.

Sannan ya sa mutum ya manna babban yatsa a jikin manuniya, shi kuma ya sa nasa yatsan tsakaninsu yana ƙoƙarin raba su, ɗaya hannun nasa na taɓa naman tsakanin don ya ji ko yana ƙanƙancewa. A nan ma hannu na da wata dabarar: doguwar agarar da ke miƙe babban yatsa, wadda wata jijiyar saƙo dabam mai suna radiyal ke motsawa, tana iya jawo yatsan kusa da manuniya. Likita mai lura yakan ga agarar ta taso a bayan wuyan hannu, ya gane ba tsokar da ake nema ce ke aikin ba.

Ana rubuta ƙarfin da maki daga 0 zuwa 5, bisa ma'aunin da Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta yaɗa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Maki 0 babu ko motsi, 1 ana jin ɗan karkarwar tsoka amma yatsa bai gusa ba, 2 yana motsi idan an ɗauke masa nauyin kansa, 3 yana iya ɗaga nauyin kansa, 4 yana ture hannun likita amma a ƙarshe a fi ƙarfinsa, 5 cikakken ƙarfi. A ganina ma'aunin bai zauna wa ƙananan tsokokin hannu daidai ba, domin nauyin yatsa bai kai ya kawo ba, kuma maki 4 ya yi faɗi, ya haɗa mai ɗan rauni da wanda saura ƙiris ya kasa. Saboda haka likitocin fisiyo suka fi son ɗan ma'aunin matsi da ke nuna ƙarfin a kilo. Akan matsa sau uku a ɗauki matsakaici, a kwatanta da ɗaya hannun, a kuma maimaita bayan makonni don a ga ko ana ci gaba ko ana baya.

Me ke raunana ta?

Tsokar kanta ba kasafai take ciwo ba. Kusan kullum jijiyar ce. Wuri mafi yawa shi ne gwiwar hannu, inda jijiyar ke bin wani matsattsen rami a bayan ƙashi. Bayan matsewar jijiyar midiyan a wuyan hannu, wannan ce matsewar jijiya da ta fi yawa a hannu. Yawan jingina gwiwar hannu a kan abu mai tauri, barci da hannu a naɗe, ko riƙe waya a kunne na tsawon lokaci suna ƙara mata wahala. Karayar gwiwar hannu da aka yi tun yarinta ta warke a karkace tana iya jan jijiyar a hankali, raunin ya bayyana bayan shekaru masu yawa.

A wuyan hannu kuwa akwai ƙululun ruwa da kan taso daga gaɓa, karayar ƙugiyar ƙashin da reshen ciki ke zagayawa, dannawar kan keke a doguwar tafiya, da yankan gilashi ko wuƙa. Kuturta ma tana son jijiyar alna fiye da kowace jijiya a hannu, tana kumbura ta a saman gwiwar hannu har a iya taɓa ta a ji ta kamar igiya. Ciwon suga na sa jijiyoyi su kasa jure matsi. Can sama kuma, matsewar saiwar jijiya a wuya ko ƙari a saman huhu na iya kawo irin wannan rauni, haka nan cutar da ke kashe ƙwayoyin jijiyar motsi, wadda kan rame hannu ba tare da fata ta sage ba.

Ta yaya ake gane ko a gwiwar hannu ne ko a wuyan hannu?

Da fata da kuma ƙaramin yatsa. Reshen da ke kai ji zuwa bayan hannu ta gefen ƙaramin yatsa yana rabuwa da uwar jijiyar 'yan santimita kafin wuyan hannu, bai shiga mashigar Guyon ba. Idan bayan hannun ya sage, matsalar tana sama da nan. Idan yana ji sarai amma tafin ya sage, a nemi wuyan hannu. Idan kuwa babu sagewa ko'ina sai rauni zalla, to wataƙila reshen ciki kaɗai aka danne. Haka kuma tsokar da ke lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta ƙaramin yatsa tana samun umarninta tun kusa da gwiwar hannu, don haka rauninta na nuni zuwa sama.

Wani abin mamaki shi ne, ƙanƙamewar yatsan zobe da ƙaramin yatsa, wadda raunin alna kan jawo, ta fi muni idan raunin a wuyan hannu yake, domin tsokar da ke lanƙwasa su ta tsira tana ja babu mai hana ta.

Matsewar jijiyar midiyan a wuyan hannu tana taɓa ta?

Ba ta taɓa ta. Wannan tudun gindin babban yatsa take zaizayewa, kuma tsokar da ake gwadawa a nan ita ce mai ɗaga yatsan sama daga tafi. Idan aka tarar da tudun da tsokar matsi duk sun yi rauni tare, sai a daina kallon wuyan hannu a ɗaga kai zuwa wuya da laka.

Wane gwajin na'ura ake yi?

Gwajin gudun saƙo a jijiya ne kan gaba. Ana ɗan ɗana wa jijiyar lantarki a wuyan hannu, da ƙasa da saman gwiwar hannu, a auna saurin isar saƙon. Gudun da ya gaza mita 50 a daƙiƙa a tsallaken gwiwar hannu yana nuna matsewa a wurin. Akan biyo da siririyar allura a cikin tsoka don a ji ko ta rasa jijiyarta da kuma ko sababbin zaruruwa sun fara isowa. Sikanin na nuna kumburin jijiyar ko ƙululu, hoton ƙashi kuma tsohuwar karaya.

Me ya sa likitan sa barci ke kallon babban yatsa a ɗakin tiyata?

Saboda wannan tsokar. A manyan tiyata akan ba da maganin da ke sassauta tsokokin jiki duka, har da na numfashi, na'ura ta riƙa yi wa mutum numfashin. Kafin a zare bututun dole a tabbatar maganin ya sake shi. Sai a manna wayoyi biyu a kan jijiyar alna a wuyan hannu, a aika bugun lantarki huɗu a jere, rabin daƙiƙa tsakanin kowanne, a kalli babban yatsa yana zabura zuwa ciki. Idan da sauran magani, zabura ta huɗu takan fi ta farko rauni, ko ta ɓace. Ana so ƙarfin ta huɗu ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ta farko. An fara amfani da wannan hanya wajen 1970. An zaɓi tsokar matsi ne domin jijiyarta na kusa da fata, kuma tana cikin masu jinkirin farfaɗowa: idan ta dawo, tantanin numfashi ya riga ya dawo.

Na faɗi babban yatsa ya bankare waje, yanzu ba na iya matse abu. Tsokar ce ta yage?

Da wuya. Abin da ya fi yagewa a irin wannan faɗuwa shi ne maɗaurin gaɓar gindin yatsan, na gefen manuniya. A nan ne waccan shimfiɗar agara ke shigowa. A ƙa'ida ita ce a sama, maɗaurin na ƙarƙashinta. Idan maɗaurin ya tsinke gaba ɗaya, bakinsa na iya zamewa ya fito ya hau kanta, sai ta shiga tsakaninsa da ƙashin da ya kamata ya koma ya manne. Bertil Stener, likitan tiyatar hannu ɗan Suwidin, shi ya bayyana wannan a 1962. Komai daɗewar ɗauri ba zai haɗe ba, sai tiyata. Wanda yatsansa ya kumbura a wannan gefe kuma yana lilo, kada ya bari a yi ta jan sa ana murzawa, ya je a ɗauki hoto a cikin 'yan kwanakin farko.

Idan kuma matsalar tauri ce, yatsan ya maƙale a cikin tafi?

Jariri kan dunƙule babban yatsa a tafi a watannin farko, kuma ba komai ba ne. Idan ya wuce wata huɗu zuwa shida yana nan a dunƙule, musamman a hannu ɗaya, a kai shi a duba. A yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni wajen haihuwa, da manyan da suka samu shanyewar ɓarin jiki, tsokar kan ƙanƙame ta janye yatsan ciki, hannu ya kasa buɗewa ya kama kofi. Ƙuna da daɗewar hannu a ɗaure cikin mummunan zama su ma suna tsuke ratar. Ana farawa da miƙewa kullum da wani tallafi da ake ƙerawa daidai hannun don ya riƙe ratar a buɗe, wani lokaci da allurar botulinum mai sassauta tsoka, in ya ƙi a sassauta tushen tsokar da tiyata.

Tana dawowa bayan ta rame?

Ya danganta da dalili da kuma lokaci. Matsewa mai sauƙi a gwiwar hannu takan lafa idan aka daina jingina, aka kuma hana hannun naɗewa da dare. Amma idan an kai ga ramewa, yawancin likitoci ba sa jira, sukan buɗe ramin su saki jijiyar, wani lokaci su dawo da ita gaban ƙashin.

Idan jijiyar yankewa ta yi aka ɗinke, sababbin zaruruwa suna tsirowa da gudun kusan milimita 1 a rana. Daga gwiwar hannu zuwa gindin babban yatsa tafiya ce ta kusan shekara, ita kuwa tsokar da ta zauna babu jijiya tsawon wata 12 zuwa 18 takan fara rasa ikon karɓar ta. Lissafin ya yi tsauri, kuma tsokar matsi ce ta ƙarshe a layi. Saboda haka a raunin da ke can sama wasu likitoci kan yanko wani ɗan reshen jijiyar midiyan kusa da wuyan hannu su jona shi da reshen motsi na alna, don a gajarta tafiyar. Idan lokaci ya riga ya ƙure, akan ɗauko agarar wata tsoka mai lafiya, kamar ɗaya daga cikin masu ɗaga wuyan hannu ko mai lanƙwasa yatsan zobe, a karkato ta a ɗinke a gindin babban yatsa. Ƙarfin ba ya komawa yadda yake, amma makulli kan sake murɗuwa.

Matsa ƙwallon roba zai taimaka?

Idan jijiyar lafiyarta ƙalau, raunin kuma na rashin amfani ne bayan cire ɗauri, zai taimaka, kuma matse abu mai laushi tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, yatsan a miƙe, ya fi ƙwallo kai wa ga tsokar. Idan kuwa jijiyar a matse take ko a yanke, tsokar da umarni ba ya isa gare ta ba ta ƙarfafa da atisaye. Abin da zai ƙarfafa shi ne doguwar mai lanƙwasawa, dabarar ta ƙara zama jiki, watanni kuma su yi ta wucewa. Duk wanda ya ga kwari tsakanin babban yatsa da manuniya, ko sagewar ƙaramin yatsa da ta daina zuwa tana tafiya ta zauna, ko rauni bayan yanka a wuyan hannu komai ƙanƙantar yankan, likita ya kamata ya fara gani kafin ƙwallo.